Toyota Sienna ta 2004 zuwa 2010: tsohuwar da ke biyan mai kula da ita

Toyota Sienna mota ce da aka ƙera domin iyalan Amurka, kuma samfurin da ya fito tsakanin 2004 da 2010, wanda aka haɗa a garin Princeton na jihar Indiana, yana cikin waɗanda suka fi yawa a titunanmu, ko a hannun magidanta ko a tashoshin da ake lodin Kano, Kaduna da Abuja. Kusan dukkansu sai da suka gama aiki a can kafin su iso nan, don haka wanda ya saye ta a yau tsohuwa ya saya, komai ƙyallin fentinta. Tawa ta 2006 ce, ta haura mil 200,000, wato sama da kilomita 320,000, kuma abin da na gani a tare da ita shi ne yawan tafiya ba ya kashe wannan mota da sauri kamar yadda sakaci da gyaran ganganci suke kashe ta.

Mai saye ya fara da ƙin amincewa da lambar da ke kan dashbod. Da mil take ƙirge, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa wasu dillalai suna mayar da ita baya. Sulɓin sitiyari, cinyewar robar fedar birki da lotsewar kujerar direba sun fi lambar faɗin gaskiya. A kuma ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, domin wadda ta fito daga jihohin da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara takan zo da tsatsa. A 2010 ma Toyota ta yi kiranyen dubban Sienna saboda tsatsa tana cin wayar da ke riƙe da safayar taya a ƙarƙashi.

Injin iri biyu ne, dukkansu masu silinda shida. Na 2004 zuwa 2006 mai lita 3.3 ne, kuma bel yake amfani da shi wajen daidaita bugun injin, wanda kamfanin ya ce a sauya duk mil 90,000. Tunda da wuya a san ranar da mai ita na farko ya sauya shi, abin da ya fi shi ne a sa sabo da zarar an saya, a haɗa da famfon ruwa, domin aikin kwancewar ɗaya ne. Daga 2007 aka koma injin lita 3.5 mai sarƙa, wanda ya fi ƙarfi kuma ya sauke wa mai shi wannan nauyi, sai dai yana da wani bututun mai da aka yi wa gaɓar roba, wadda kan fashe ta zubar da baƙin mai cikin ɗan lokaci. Akwai na ƙarfe zalla da ya maye gurbinsa, kuma ya cancanci kuɗinsa.

Inda na fi damuwa shi ne sanyaya injin, domin a nan ne na ga Sienna masu lafiya suna zama gawa a gareji. Ranar da na kai tawa don lagireto ya fara ɗiga ta wajen robar samansa, bakanike ya leƙa ya ce, "Alhaji, a cire tamostat kawai, a haɗa fanka kai tsaye, ƙasarmu akwai zafi." Na ce masa, "Malam, a bar shi yadda kamfani ya yi, a sa sabon lagireto." Wannan shawara tasa ta cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin injin, ta zama ruwan dare, amma tana hana injin kaiwa zafin da aka tsara masa, sai ya riƙa shan mai fiye da ƙima, ga shi kuma tana ɓoye ainihin cutar har sai ta yi muni. Haka nan zuba ruwan rijiya ko na leda a lagireto yana tara tsatsa da gishiri a ciki. Ruwan sanyaya injin na Toyota, mai ruwan hoda, shi ne abincinsa.

Baƙin mai kuwa 5W-30 aka rubuta a murfinsa, kuma da ƙurar da muke sha a lokacin hunturu ban yarda a ja lokacin juye ba. Giyarta mai sauya kanta ce, hawa biyar, tana da juriya matuƙar an ba ta irin man da aka rubuta a sandar awonta.

Tana da aibobinta, kuma ba ƙanana ba ne. Ƙofar gefe mai buɗe kanta takan tsinke waya idan ta tsufa, dashbod yana tsagewa a rana, kuma ƙarƙashinta yana kusa da ƙasa, ta yadda idan an cika ta da mutane da kaya sai bayanta ya zauna, ta riƙa dukan tudun rage gudu da gargadar hanyar ƙauye. Shokazoba da robobin ƙafa su ne kuɗin da ake yawan kashewa. Mai kuma tana sha, musamman a cunkoson cikin gari da na'urar sanyi a kunne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ya zama abin lissafi kafin kowace tafiya. Samfurin da ƙafafunsa huɗu ke ja ya fi shan mai, kuma ba ya zuwa da safayar taya daga kamfani, saboda haka ban ga dalilin neman sa a nan ba.

Duk da haka ban san wata mota a wannan farashi da take ɗaukar mutum bakwai ko takwas cikin walwala irin wannan ba. Kujerun ƙarshe suna naɗewa su shige cikin ƙasan motar, a sami filin buhunan hatsi ko kayan ɗalibai masu komawa makaranta, kuma a kan kwalta tafiyarta lumui take, ba hayaniya. Kayan gyaranta suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sabbi da na hannu, abin da ba kowace motar iyali ke da shi ba. Magidanci mai yawan iyali da tafiye-tafiye tsakanin garuruwa zai ji daɗinta, da sharaɗin ya ware kuɗin bel, lagireto da ƙafafu tun ranar saye. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce gida zuwa ofis ba, Corolla za ta fi masa sauƙi.