Baƙar giyar Cahors da abincin da ake ci da ita

Yaya, gaisuwa mai yawa, a gaishe min da Inna da yara. Ka ce in ba ka labarin abin da ake ci da sha a gidan abincin da nake aiki a nan yankin Cahors, kada in tsallake batun giya. To ga shi. Ni dai a kicin nake, kuma ka san ba na sha, amma kusan duk farantin da muka fitar da kwalba yake tafiya.

Cahors gari ne a kudu maso yammacin Faransa, kogin Lot ya kusa zagaye shi, gonakin inabi sun bi gaɓarsa zuwa yamma. Giyarsu ja ce, amma tsabar duhunta ya sa suke ce mata baƙar giya. Tun 1971 doka ta tsare sunan: ba ka isa ka rubuta Cahors a kwalba ba sai inabin ya fito daga yankin, kuma aƙalla kashi 70 cikin ɗari irin da ake kira malbec ne. Sanyin 1956 ya kashe yawancin itatuwan, sake dashe aka yi. Wannan irin ne Ajantina ta ɗauka ta yi suna da shi a duniya, abin da har yau yake ɗan sosa ran manoman nan.

Ƙarfin giyar a bauri yake. Bawon inabin da 'ya'yansa ne ke sa ta kama baki ta busar da harshe, irin yadda goro yake yi, in ji masu sha. Shi ya sa ba sa haɗa ta da kifi ko ganye, sai nama mai maiƙo, don kitse ne ke kwantar da baurin. Agwagwa ce kan gaba: ko cinyar da aka dafa a hankali cikin kitsenta, ko ƙirjin da aka gasa aka bar cikinsa jajur, wanda Inna da ta gani cewa za ta yi a mayar wuta. Sai naman ragon Quercy, wato yankin da Cahors yake ciki, sai cassoulet, farin wake da nama da ake daɗewa ana gasawa a kaskon yumɓu. Barkono kuwa shugaban kicin ɗinmu ya ce ƙara mata kaifi yake, don haka tsirenmu na gida ba abokin tafiyarta ba ne. Abin da ya burge ni shi ne mai kantin giya: kafin ya faɗi kuɗi sai ya tambayi mai saye me zai dafa da dare.

Mu kuma tambaya ce ta zame mana dole. Cassoulet na asali da naman alade a ciki, naman sa da suke kira daube kuma cikin giya ake dafa shi. Naman halal sai na gangara birnin Tuluz, unguwar Arnaud-Bernard, inda mahauta Larabawa suke. Akwai ruwan inabi marar sa maye, ga farin inabin garin Moissac na ci, mai zaƙi sosai, shi ma doka ta tsare sunansa.

Wajen hidima sun fi mu a wasu abubuwa. In ka zauna cin abinci, ruwan famfo da burodi kyauta ne, kuɗin sabis yana cikin farashi, ba ciniki. Amma ka wuce ƙarfe biyu na rana, an rufe kicin sai wajen bakwai, ko kai ɗan sarki ne. Mai tsiren bakin tasha ba zai taɓa korar ka don agogo ba.

Na ji an yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi irin wannan rajistar suna, ka binciko min ko mahautan gari sun fara ganin amfaninta. Kada dai ka ba Alhaji kilishi ya kawo min, kwastan ba sa barin nama ya shigo daga wajen Turai, ƙwacewa za su yi. Yajin kawai za ka ƙunso.