Haidiromita: Abin da Ya Raba Ni da Kwalabe Masu Ambaliyar Kumfa

Duk mai haɗa giya a gida ya san wannan takaici. Ka jira makonni, ka buɗe kwalba, kafin ka kai hannu ga kofi rabinta ta riga ta malale a ƙasa, abin da ya saura kuma ya gauraye da laka. Wannan ne ya sa na sayi haidiromita, kuma bayan na daɗe ina aiki da shi, ra'ayina shi ne bai kamata kowa ya rufe kwalba ba tare da shi ba.

Ɗan siririn gilashi ne mai nauyi a gindi, da lambobi a jikinsa, wanda ke auna kaurin ruwa, wato yawan sukarin da ke cikinsa. Ana zuba giyar a dogon bututun gwaji, a saka shi ya yi iyo. A ruwa zalla yana tsayawa a 1.000. Ruwan tsiron sha'ir kafin a zuba yis yakan nuna tsakanin 1.040 da 1.060, sannan lambar ta riƙa sauka yayin da yis ke cinye sukarin, har ta tsaya wajen 1.010, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, gwargwadon irin giyar.

Amfaninsa na gaske yana kan tambaya ɗaya: shin yis ya gama aikinsa? Mutane da yawa suna dogara da mafitar iskar da ke kan murfin bokiti, in ta daina ɓulɓula sai su ce an gama. Wannan shaida ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Murfin da bai zauna daidai ba zai sa ta yi shiru alhali aiki na ci gaba, sanyin dare ma kan sa yis ya lafa, ya farfaɗo daga baya a cikin kwalba. Haidiromita ba ya wannan ruɗu. Ina aunawa yau, in sake bayan kwana biyu ko uku. In lambar ba ta motsa ba, to a ɗura. In ta sauka ko da maki ɗaya ne, sai a ƙara haƙuri. Makin nan ɗaya ba ƙaramin abu ba ne: duk 0.001 da ya ƙarasa tsimuwa a rufaffiyar kwalba yana ƙara gas kusan rabin yawan giyar kanta. Giya ta yau da kullum tana son gas kamar ninki biyu da rabi na yawanta. Ke nan wanda ya ɗura a 1.016 giyar da za ta tsaya a 1.010 ya riga ya cika kwalbar da gas tun kafin ya ƙara sukarin ɗuri, wato ɗan sukarin da ake sawa lokacin ɗura giya a kwalba don yis ya samar da gas.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen binciken laifi bayan ɓarna ta auku. Sai in ɗauki kwalbar da ke ambaliya, in juye a kofi, in yi ta juyawa har gas ɗin ya fita tas, sannan in auna in kwatanta da abin da na rubuta ranar ɗuri. In lambar tana nan inda take, to sukarin ɗuri ne ya yi yawa, ko bai gauraya sosai ba, musamman in wasu kwalaben lafiya lau suke. In kuwa ta faɗi ƙasa sosai, giyar ta yi salam a baki, ga wani zobe a wuyan kwalba, to baƙon yis ne ya shiga, irin su Brettanomyces da ke cin sukarin da yis ɗin giya ya bari. Wannan maganinsa tsafta ce, a canza tiyo, a duba famfon bokiti.

Yana da nasa aibi. Saurin fashewarsa ya yi yawa, gangarowa ɗaya daga tebur ta ishe shi. Kowane awo yana cin giya kusan rabin kofi, kuma ba na mayar da ita bokiti. Ƙananan kumfa kan manne a jikinsa su ɗaga shi, don haka sai an murza shi da yatsu kafin a karanta, ido daidai da saman ruwan. Nawa an saita shi a digiri 20 na ma'aunin Celsius, don haka giyar da ta fi haka ɗumi za ta nuna ƙasa da gaskiya.

Haka kuma ba ya maye gurbin sikeli. Sukarin ɗuri da giram ake auna shi, ba da cokali ba, wajen giram 6 zuwa 7 a kowace lita, a narkar da shi a tafasasshen ruwa a gauraya a hankali.

Wanda kwalabensa suka riga suka cika da gas, don Allah ya ɗauki abin da muhimmanci, domin gilashi na tarwatsewa. Ya sa tabarau da safar hannu, ya kai su firji su yi kwana biyu, sannan ya ɗaga gefen kowane marfi kaɗan gas ya huce, ya rufe da sabon marfi, kuma su ci gaba da zama a cikin sanyi har a shanye.