Shanyar ganyen taba: a rana ko a inuwa?

Malam, ka ce tabar da ka dasa a bayan gida, kamar gindi arba'in, ganyenta na ƙasa ya soma nuna, kuma mutum biyu sun raba maka hankali. Ɗaya ya ce ka baza a rana kamar barkono, ɗaya ya ce ka rataye a rumfa. Na gwada duka biyun, kuma mai cewa kamar barkono shi zai ja maka asara.

Ganyen taba ba barkono ba ne. Ranar da ka tsinke shi bai mutu ba tukuna, yana da sauran rai na 'yan kwanaki, kuma a cikin kwanakin nan ne koren yake zagwanyewa, sitacin da ke cikinsa ya koma sukari, ganye ya juya rawaya. In zafi ko busasshiyar iska ta kashe shi kafin ya gama wannan juyin, koren ya zauna ke nan. Ko shekara ka ajiye shi, da maƙaƙinsa da warin ɗanyar ciyawa za ka same shi. Saboda haka abin da ya kamata ka auna hanyoyin biyu da shi guda ɗaya ne: wacce ce ke ba ganye lokacin da zai mutu a hankali?

Rana tana da abin yabo, ban hana ta ba. Tana da sauri, ba ta buƙatar gini, funfuna kuma ba ta samun wurin zama. Akwai ƙasashen da da ita suka yi suna: Turkiyya, Girka da Bulgeriya. Sai dai irin tabarsu daban ne. Ganyenta ƙanana ne, wani bai wuce tafin hannu ba, ana shirya shi a zare kamar tsakiya, kuma ko su sai sun bar shi ya yi yaushi a inuwa kafin su fitar. Tamu mai faɗin ganye ce, mai kaurin jijiya. In ka shimfiɗa ta a rana, fatar ganyen takan bushe cikin yini biyu alhali jijiyar tsakiya tana nan jiƙe shakaf. Ni a watan Janairu na yi wannan gangancin. Na jera ganye a kan zana da hantsi, na dawo washegari da la'asar, na ɗauki ɗaya don in duba, sai ya ruguje a hannuna, kore shar, kamar busasshiyar kuka. Ga ƙurar hunturu ta bi ta lulluɓe shi. Tsohuwarmu ta shinshina ta ce in kai wa awaki, in ma za su ci.

Inuwa kuwa sai mai haƙuri, don takan ɗauki sati huɗu zuwa takwas. Kana soke gindin jijiya da basilla, ka zura a igiyar rama, ganye biyu-biyu baya da baya, ka bar tazarar yatsu biyu ko uku a tsakani, ka rataye a rumfa ko zaure inda iska ke ratsawa amma rana ba ta shiga. Rufin ciyawa ya fi na kwano nesa ba kusa ba, domin kwano da azahar tanda ne. Satin farko ganye zai yi yaushi ya yi rawaya, daga nan ya soma komawa ruwan ƙasa daga baki-baki zuwa ciki, jijiya ce ƙarshen bushewa. A inuwa ake shanya tabar Burley a jihar Kentaki ta Amurka da kuma Malawi. Ganyen inuwa yakan fito da duhu, sukarinsa kaɗan, ƙarfinsa da yawa, wato irin wanda masu lofe da masu daka taba gari da kanwa suke nema. Na rana, in ya yi kyau, ya fi haske da sauƙi.

Aibin inuwa shi ne funfuna. Ganye biyu suka manne da juna a ɗakin da iska ba ta motsi, sai ka ga farin gashi-gashi a jikin jijiya, wari ya canza, ganye ya yi baƙi ya yi laushin ruɓa. Kullum da safe ka shiga ka girgiza igiyoyin, ka raba waɗanda suka rungumi juna, wanda ya kamu ka cire shi ka yar.

Amma a ƙasarmu, gaskiya, watan da ake ciki ne yake yanke hukunci fiye da rana ko rumfa. Shanyar inuwa tana son danshin iska kamar kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. A Agusta ya wuce haka, da hunturu kuma yakan faɗi ƙasa da kashi 20 a su Kano da Damagaram. Ka ga ke nan rumfa ɗaya, hali biyu. In tabarka ta damina ce, tana nuna wajen Satumba zuwa Oktoba, ka dace, wannan ne lokacin da inuwa take aikinta ba tare da wahala ba. In ruwa ya ɗauki kwana biyu yana sauka, ka sa ɗan garwashin gawayi a kasko a ƙasa, nesa da ganye, ya kori laima. In kuwa ta rani ce, ta fadama, to ko a inuwar ma iska za ta busar da ita kore. A nan dabarar ita ce ka fara tara ganyen a ƙasa bisa tabarma, ka rufe da buhun algarara, kana juya shi kullum kada ya ɗau zafi, har sai ya yi rawaya, sannan ka rataye. Ka yayyafa ruwa a daɓen ɗakin, ka toshe mashigar iska da zana da rana, ka buɗe da dare. Buhun leda kada ya kusance shi.

Akwai hanya ta uku da wani zai iya kawo maka, ta ɗakin gashi mai bututun wuta, wadda ake yi wa tabar Bajiniya, irin wadda aka san manoman Iseyin a jihar Oyo da ita. Cikin kamar mako guda take gamawa, ana fara zafi daga wajen digiri 35 a hau da shi sannu a hankali zuwa kusan 70. Tana cin itace, tana hana barci, kuma don gindi arba'in ba ta taso ba.

Abu biyu kan ɓata shanya tun daga gona, sai a ɗora wa rumfa laifi. Na farko tsinkar ganye ɗanye. Taba daga ƙasa take nuna, ana tsinkar biyu ko uku a kowane gindi duk mako, wanda korensa ya dusashe, bakinsa ya sunkuya, yana ɓallewa da ƙara in ka danna shi ƙasa. Na biyu yawan takin yuriya a ƙarshe, wanda ke sa ganye ya yi kauri ya ƙi juyawa. Ban sani ba ko ka karya kan tabar lokacin da ta fitar da fure, kana kuma cire tohon da ke fitowa a hammatar ganye. Shi ke sa ganye ya yi nauyi. In akwai tsohuwa a gidan mai goga fure a haƙori da goro, ka bar mata gindi biyu, in ba haka ba ka shiga uku.

Kada ka tsinka da raɓa ko bayan ruwa da hannu tsirara. Nikotin yana narkewa a jiƙaƙƙen ganye ya shiga ta fata, ya kawo jiri da amai, yara kuma sun fi saurin kamuwa, don haka wannan ba aikin da za a aiki yaro ba ne. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa tumatir ko tattasai, danginsu ɗaya da taba kuma cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare tana bin hannu. Kuma tunda mun saba gaya wa juna gaskiya, tabar bayan gida ba ta fi ta kwali sauƙi a ƙirji ko a dasashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa sama da mutum miliyan 7 da taba ke kashewa duk shekara, ba ta ware ta gida ba.

Zaɓina dai inuwa ne. In kana gaggawa, iyakar abin da zan yarje maka shi ne bayan ganye ya gama komawa ruwan ƙasa, ka fitar da shi ranar hantsi na awa biyu don jijiya ta ƙarasa. Ka lanƙwasa jijiyar kusa da gindi: in ta karye ƙas, ta yi, in ta tanƙwaru kamar igiya, da saura. Saukewa kuma sai da asuba, lokacin da sanyin dare ya sa ganye ya yi laushi kamar fatar da aka jeme. A lokacin za ka ɗaure shi dami-dami, ka jera a kwali ko buhu a wuri busasshe, kana dubawa kana juyawa, ka ba shi wata uku aƙalla kafin ka daka.