Sharhi kan zaman ɗanɗanon gahawar ƙananan manoma a baje kolin Adis Ababa

Na shafe shekaru ina sayar da shayi da gahawa a wani ɗan shago a Kano, kuma duk tsawon lokacin nan ba na sanin ingancin abin da na saya sai bayan buhu ya iso, an soya, an niƙa, mai saye ya kurɓa, ya yamutsa fuska ko ya nemi ƙari. Wannan ne ya sa da na sami damar halartar wani baje kolin masu harkar gahawa a Adis Ababa, babban birnin Habasha, na biya kuɗi na musamman domin shiga zaman ɗanɗano, inda ake jera gahawar ƙananan manoma da ƙungiyoyin gama kai a kan tebur, masu saye su ɗanɗana su ba ta maki. An yi zaman ne a watan Fabrairu, lokacin da sabon amfani yake shigowa kasuwa, domin a kudancin Habasha ana tsinkar 'ya'yan gahawa daga wajen Oktoba zuwa Janairu.

Tsarin da aka bi shi ne wanda ƙungiyar masu gahawa ta musamman, wato SCA, ta daɗe tana amfani da shi har zuwa lokacin, kuma tun kafin a zuba ruwa na gane cewa ba shan gahawa aka kira mu ba, awo aka kira mu. Kowane samfur yana da kofi 5, kowane kofi an zuba masa garin gahawa giram 8.25 a kan ruwa mililita 150, an soya ƙwayar sama-sama ta yadda ƙauri ba zai rufe ainihin ɗanɗanonta ba. Ba sukari, ba madara, ba citta, ba kanumfari. Babu sunan manomi a jikin kofi, sai lamba kawai. Da farko mutum zai sunkuya ya shinshina busasshen garin, sannan a zuba ruwan zafi na kimanin digiri 93. A nan wani ma'aikacin wurin ya yi mana barkwanci cewa su ba sa wahalar jiran ruwa ya huce, domin birnin yana kan tudu mai tsawon sama da mita 2,300, inda ruwa yake tafasa a wajen digiri 92, saboda haka daga buta sai kofi. Bayan minti 4 sai garin ya taso ya yi ɓawo a saman kofin, mutum ya kai hancinsa kusa, ya fasa ɓawon da cokali, ƙamshin da ya taru a ƙasa ya buso masa gaba ɗaya. Daga nan a kwashe kumfar, a jira ya ɗan huce, a ɗebo da cokali a zuƙa da ƙarfi har da ƙara, a juya a baki, a tofar a wani ƙaramin mazubi.

Wannan zuƙar ce ta fi ba ni kunya a farko. An tarbiyyantar da mu cewa kurɓa da ƙara rashin ladabi ne, ga shi kuma ina tsaye tsakanin mutane kusan 20, maza da mata, kowa yana zuƙa kamar ana yaga tsumma. Amma da na gwada sai na ga hikimar abin, domin iskar da take shiga tare da ruwan ita ce take watsa shi a kan harshe da dasashi, ta tura ƙamshin zuwa bayan hanci, inda akasarin abin da muke kira ɗanɗano yake fitowa.

Takardar makin tana da gurabe 10, daga ƙamshi da ɗanɗano da abin da ya rage a baki bayan an tofar, zuwa tsami da kauri da daidaito da zaƙi da tsafta da kamanceceniyar kofunan 5, sai kuma ra'ayin mai ɗanɗano a dunƙule. Ana haɗawa a kan 100, kuma duk gahawar da ta kai 80 ta shiga sahun ta musamman. Kofi ɗaya da aka sami aibi a cikinsa yana jawo a zabtare maki 2 idan aibin mai sauƙi ne, ko 4 idan ya yi tsanani. Shi ya sa ake jera kofi 5 maimakon ɗaya, saboda ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya tana iya ɓuya a cikin samfur ta bayyana a kofi guda kawai.

Teburin farko na gahawar Habasha ne da aka wanke, wato wadda ake cire wa ɓawo da tsoka tun tana ɗanya, a jiƙa ta, a wanke, sannan a shanya. Samfur na uku, wanda daga baya aka bayyana cewa daga Yirgacafe yake, a yankin Gedewo, shi ne karo na farko a rayuwata da na sha gahawa na rasa ɗacin da na ɗauka shi ne gahawa. Ruwan bai da kauri, ya fi kama da shayi mai kyau, da ƙamshin fure da tsami mai tsafta irin na lemon tsami da aka matsa yanzu. Na ba shi 87, matsakaicin makin ɗakin kuma ya tsaya kusa da haka, abin da ya ɗan ƙarfafa mini gwiwa. Na kusa da shi, daga Sidama, ya fi shi zaƙi amma ƙamshinsa ya gudu da wuri, yana hucewa ya koma lami, na ba shi 84.

Teburi na biyu, na wadda aka shanya da ɓawonta, shi ne inda na fi daɗewa, kuma shi ne inda na fara samun saɓani da takardar. Irin wannan gahawa ana baza 'ya'yan ne yadda aka tsinko su a kan gadaje masu ƙafa, ana juya su na tsawon makonni har danshin ƙwayar ya sauko zuwa kashi 10 zuwa 12 cikin 100, saboda haka zaƙin tsokar yana ratsa ƙwayar. Wani samfur daga Guji ya cika mini baki da wani ɗanɗano da na sani sarai amma na kasa samun sunansa a jadawalin ɗanɗano da aka manna a bango, wanda ya cika da sunayen 'ya'yan itatuwan Turai da Amurka da ban taɓa cin ɗanyensu ba. Baturen da yake gefena ya rubuta sunan wani ɗan itace mai ruwan bula na ƙasarsu. Ni kuwa abin da harshena ya tuna shi ne ɗinya nunanniya, da ɗan baurinta a ƙarshe, sai kuma wani tsami-tsami kamar na zoɓon da ya kwana a randa. Haka na rubuta, da Hausa, a gefen takardar. Da jagorar zaman ta zagayo ta tambaye ni ma'anar abin da na rubuta, na yi mata bayani, sai ta ce in ci gaba da hakan, domin abin da ake bukata shi ne mutum ya iya gane ɗanɗanon idan ya sake haɗuwa da shi. Daga wannan lokaci takardata ta cika da tsamiya da kanya da goruba da dabino da magarya, kuma ina ganin wannan shi ne abu mafi amfani da na fito da shi daga ɗakin. Na ba samfurin Gujin 88, mafi yawan makin da na bayar ranar. Wani samfur daga Harar, a gabashin ƙasar, ya zo da garɗi da ƙarfi, amma kofi biyu cikin biyar sun ɗauki warin abin da ya fara ruɓewa, alamar an bar 'ya'yan sun yi zafi a tsibi kafin a baza su, sai makinsa ya faɗo ƙasa da 80.

An kuma kawo samfura kaɗan daga wasu ƙasashen gabashin Afirka. Ta Kenya, daga irin da ake kira SL28, tsaminta ya yi mini yawa, ko da yake ƙwararrun sun yaba ta ƙwarai. A cikin ta Ruwanda kuwa aka ci karo da aibin da ya addabi gahawar ƙasashen yankin manyan tabkunan Afirka, wato warin ɗanyen dankalin Turawa da aka feƙe yanzu, wanda ake dangantawa da wani ƙwaro mai huda 'ya'yan gahawa tun suna kan itace. Kofi huɗu lafiya lau, masu zaƙi kamar rake, na biyar kuwa ko kusa da hanci ba ya kaiwa. Na ji tausayin wanda ya noma ta, domin babu wani sakaci da za a ɗora masa kai tsaye.

Bayan an tattara takardu ne aka buɗe sunayen, manoman da wakilan ƙungiyoyinsu suka shigo, kuma a nan na fahimci nauyin alƙalamin da yake hannuna. Dattijon da ya noma samfurin Gujin nan ya gaya mini ta bakin tafinta cewa da hannu iyalinsa suke tsince 'ya'yan da ba su nuna ba ɗaya bayan ɗaya, kuma sai an tara kilo 5 zuwa 6 na jajayen 'ya'ya kafin a sami kilo ɗaya na ƙwaya. Tun daga 2008 da aka kafa kasuwar musayar amfanin gona ta Habasha, gahawar irin waɗannan mutane takan narke cikin ta wasu a ƙarƙashin sunan yanki kawai, sai a 2017 aka sassauta doka ta yadda manomin da yake da hekta 2 zuwa sama zai iya neman lasisin fitar da kayansa da sunansa. Tazarar maki 3 ko 4 a takarda tana iya zama bambanci tsakanin farashin gama-gari da farashin da zai biya kuɗin makarantar 'ya'ya. Gasar ingancin gahawa da ake kira Cup of Excellence, wadda ta fara a Barazil a 1999, ta iso Habasha a 2020, kuma a gwanjonta na 2022 an sayi gahawar da ta zo ta ɗaya a kan sama da dala 400 kowane fam, wato ƙasa da rabin kilo. Ga kuma sabon nauyi daga Tarayyar Turai, wadda dokarta ta 2023 kan sare dazuzzuka take neman a nuna takamaiman wurin da kowace gona take a taswira kafin a shigar da gahawarta kasuwar Turai, aikin da ya fi sauƙi ga mai babbar gona fiye da mai 'yan itatuwa a bayan gida.

Inda masu shirya zaman suka gaza a wurina shi ne yawan samfura. An jera mana 24 a cikin awa uku, wato kofi 120, kuma duk da tofarwa, daga wajen samfur na 15 harshena ya mutu, komai ya koma ɗaci iri ɗaya, hannuna har ya fara rawa. Na tabbata waɗanda suka zo a ƙarshen layi ba su sami adalci daga gare ni ba, kuma da an raba zaman gida biyu, safe da yamma, da an fi kyautata wa manoman. Haka kuma tafinta ɗaya ne ga ɗaki guda, alhali wasu manoman Oromanci suke ji, wasu Amharanci, wasu harshen Sidama, saboda haka hirar da ta fi komai daraja ita ce aka fi takurewa. Ruwan kurkure cokali ma ba a canza shi a kan lokaci ba a teburin ƙarshe.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne, amma ya kamata ɗan kasuwa irina ya sani kafin ya biya kuɗin shiga. Makin nan yana auna gahawa ne tsurarta, alhali mutanen da suke zama a shagona da madara da sukari suke sha, wasu kuma irin ta Sudan suke so, wadda ake dafawa a jabana, wato ɗan tulun gahawa, da citta. Wannan ta Yirgacafe da na ba 87, da na dawo gida na zuba mata madara sai ta ɓace gaba ɗaya, ƙamshin furen ya tafi, tsamin ya yi faɗa da madarar, wani tsohon abokin cinikina ya kurɓa sau ɗaya ya ce, "Alhaji, yau ruwa ya yi yawa." Wadda ta karɓu ita ce wata daga Jimma da na ba 82 kawai, mai kauri da ɗanɗanon gyaɗa soyayya, wadda ta tsaya da ƙafarta a cikin madara kuma ta ɗauki citta da kanumfari ba tare da ta rasa kanta ba.

Da yammacin ranar, a wani gida da aka gayyace mu, an yi mana gahawa yadda Habashawa suke yi wa kansu, kuma su ne suke shanye kusan rabin abin da ƙasar take nomawa. Uwargidan ta soya ƙwayar a kasko a gabanmu har ta yi baƙi, ta zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, ta daka a turmi, ta dafa a tulun yumɓu mai dogon wuya, ga turaren wuta yana tashi, ga gugguru a faranti. Zagaye uku ake sha, kuma na ukun sunansa baraka. A takardar safe wannan suyar da an kira ta ƙonanniya, amma ban tofar da ko ɗigo ba.

Idan zan ba zaman kansa maki a kan ma'aunin da ya koya mini, zan ba shi 83: ya cancanci kuɗinsa ga duk mai sayen gahawa da buhu, ko mai niyyar gwada ta tsaunin Mambila a Taraba da idon basira, amma ba zan shawarci wanda sha'awa kawai ta kawo shi ya biya ba. Na yi odar buhu 2 masu kilo 60 na ta Jimma, na kuma sayi kilo 5 na ta Gujin dattijon nan, wadda nake dafa wa kaina da asuba, ba madara, ba sukari.