Irin sitailo na Verano a gonar gamba: ya kai kuɗinsa?

Masu sayar da irin ciyawar kiwo sun fi tallata sitailo na Verano ga wanda ke da gonar gamba, kuma da dalili. Gamba tana cika cikin saniya, amma da ta fitar da kai ta bushe a kaka, sinadarin furotin da ke cikinta yakan faɗi ƙasa da kashi 4 cikin 100, alhali tumbin saniya na bukatar kusan kashi 7 kafin ya iya sarrafa abin da ta ci. Shi ya sa ake ganin shanu cikin busasshiyar ciyawa har wuya a watan Fabrairu amma ana ƙirga haƙarƙarinsu. Sitailo ɗan dangin wake da gyaɗa ne, aikin harawa yake yi, sai dai ita wannan harawar tana tsaye a gona.

Asalin Verano daga Benezuwela ne, aka fitar da shi ga manoma a Ostireliya a 1973. A Najeriya ya yi suna a shekarun 1980, lokacin da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Afirka, ILCA, ta yi aiki da Fulani a yankin Kachia kan killatattun gonakin kiwo na hekta 4, inda ake ajiye abincin rani ga shanun tatsa 15 zuwa 20. Wasu nau'o'in sitailo da aka fara gwadawa cutar antirakunos ta ƙone musu ganye da kara, Verano kuwa ya jure. Wannan juriyar ce babban abin da kuɗinka ke saye.

Irin ƙanana ne, launin ƙasa-ƙasa, da yawansu cikin ɓawo mai ɗan ƙugiya a kai. Buhun da aka cika da ƙaiƙayi da yashi yana da nauyi amma ba shi da amfani, don haka a zuba hannu har ƙasan buhu kafin a biya. Sai a ƙirga ƙwaya 100, a jiƙa su yadda za a bayyana nan gaba, a shimfiɗa kan tsumma mai laima na kwana 10. In ƙasa da rabi suka tsiro, ko dai a ƙara yawan irin ko a mayar da shi.

Babban aibinsa taurin fata. Sabon iri in aka watsa shi haka nan, yawancinsa kwanciya yake yi a ƙasa sai baɗi. Maganinsa ruwan zafi ne mai digiri 80, wato wanda aka sauke daga wuta ya ɗan huce, a bar irin ciki minti 10, a tsame, a shanya a inuwa, a shuka kashegari. Wanda ya bar shi kan wuta yana tafasa ya dafa irinsa ne kawai. Ba ya son zurfi: santimita 1 ya isa, abin da ya wuce haka binnewa ne. Gonar sitailo zalla tana cin kilo 10 zuwa 12 a hekta. In za a haɗa da gamba, rabin wannan ya wadatar. A gauraya shi da yashi don hannu ya raba daidai.

Wurin haɗawar nan ne aka fi yin asara. Gamba tana haura mita 2, sitailo da ƙyar yake wuce gwiwa, kuma ba ya rayuwa a inuwa. In aka watsa su tare, shekara biyu ba za a ga ko ganyensa ba. Gara a yi su a jere: faɗin mita 2 zuwa 3 na sitailo, sannan layi ɗaya ko biyu na gamba, wadda dasa gindinta ya fi shuka irinta tabbas. Taki kuma supa ake sawa, buhu 2 zuwa 3 a hekta lokacin shuka. Ban da yuriya. Yuriya gambar take ƙara wa ƙarfi ta danne abokin zamanta, shi kuwa yana da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa da ke kama naitirojin daga iska, har ya rage wa ciyawar. A tuge ɗaya a fasa ƙullin, in cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya.

Farkon damina a saki shanu su taushe gambar, don sun fi son ɗanyar ciyawa a kan sitailo a wannan lokacin. Da ya fara fure a rufe gonar ya zubar da iri, domin da wannan irin yake dawowa kowace shekara. Da rani awa 2 zuwa 3 a rana ya isa, kuma ga masu shayarwa da raunana, ba garke duka ba.

Sitailo ba ya son fadamar da ruwa ke kwanciya. Yana zubar da ganye in rani ya yi nisa, gara ta kwashe wani. Gobarar daji kuwa dare ɗaya take cinye aikin shekara, saboda haka a share kewayen gonar tun Oktoba. Bayan shekara 3 ƙasar takan yi ƙarfi har ciyayi su rinjaye shi. A nan masu dabara suke noma masara a wurin shekara ɗaya, da takin da bai kai na kullum ba.

Ga mai shinge da ruwan sama da ya kai milimita 600 a shekara, irin ya biya kuɗinsa. Wanda gonarsa take a buɗe, awakin gari ne za su ci ribar. Shi gara ya sayi lablab, wani waken harawa, ya yanka yana fure, ya busar a inuwa ya ɗora kan rumfa.