Mota mai turbo ko maras turbo a zafin Sakkwato

Honda Accord ta 2018 mai turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), wadda injinta lita 1.5 ne, ta fi Corolla maras turbo mai lita 1.8 ja. Sai dai Accord ɗin ba ta yafe sakaci. Hayaƙin inji ke juya turbo sama da sau 100,000 a minti, baƙin mai kuma ke sanyaya shi. In ka iso daga Gusau da rana tsaka, bar injin yana aiki minti 2 kafin ka kashe, in ba haka ba man ya ƙone a ciki, ya toshe hanyarsa. Juye mai duk kilomita 5,000, ka riƙa duba matatar iska lokacin hunturu, don ƙura na cinye fukafukan turbo.

Corolla kuwa tana da haƙuri, kusan kowane bakanike ya san ta, kayan gyaranta ma sun fi araha.