Kuɗin Baba: wakili ɗaya ko biyu?

Idan tsufa ko ciwo ya taɓa hankalin mahaifi, rigimar 'ya'ya kan taso ne daga takardar wakilcin da ya sa wa hannu tun yana cikin hayyacinsa: ɗaya ya damƙa wa dukiyarsa, ko biyu?

Wakili ɗaya ya fi saurin aiki. Asibiti ya kawo lissafi da safe, kafin yamma an biya. Sai dai sauran 'yan'uwa ba sa ganin asusun, sai abin da aka gaya musu. Ranar da ƙanwa ta ga yayanta da sabuwar mota, ko da guminsa ya saya, zargi ya shiga. "Yaya, ina rasit ɗin maganin watan jiya?" Shi kuwa, da yake kwana a bakin gadon mara lafiya, tambayar kamar mari yake jin ta. Amma tana da gaskiya: kuɗin na Baba ne har yanzu, ba gado ba ne, kuma wajibi ne wakili ya raba su da nasa, ya adana kowane rasit.

Wakilai biyu da dole su sa hannu tare suna sa wa juna ido, amma idan suka saɓa, kuɗin mai jinya ma sai ya tsaya. A Ingila, rasuwar ɗayansu na iya rushe wakilcin ɗungurungum idan ba a ambaci madadi ba.

Ni dai na fi karkata ga wakili ɗaya da ke tura wa kowa bayanin banki duk wata, tun ba a tambaye shi ba.